Wace Kaza Ce Ta Dace da Tsakar Gida?

Duk wanda ya tsaya gaban mai sayar da 'yan tsaki da niyyar fara kiwo a gida, tambayarsa ta farko ba ta wuce ɗaya: wacce ta fi? Mai kaya zai yabi abin da ke cikin kwalinsa, wannan sana'arsa ce. Amma tambayar kanta ba ta cika ba. Babu kazar da ta fi wata sai an faɗi gidan da za ta zauna, da wanda zai ciyar da ita, da aikin da ake so ta yi. Kazar da ke cika kiret a gidan gona tana iya zama asara a tsakar gidan da dusa da ragowar tuwo ne abincin kaji. Wadda ake rainawa a tsakar gidan kuwa, in aka kulle ta a keji, ko kuɗin abincinta ba za ta mayar ba. Wanda ya sayi irin kaza, hali ya saya tare da ita, kuma halin nan shi ke raba riba da asara tun kafin a zo maganar nauyi da yawan ƙwai.

A fara da kazar Hausa, tunda ita ce aka fi zalunta a wajen lissafi. Ana cewa ba ta ƙwai, kuma in aka dubi adadi kawai, gaskiya ne: a shekara takan yi tsakanin 40 zuwa 60, ba ta fara yi sai ta kai wata 6 ko fiye, nauyinta kuma da wuya ya wuce kilo ɗaya da rabi. Sai dai a bi shekarar tata a gani. Takan zuba ƙwai 10 zuwa 15 a cikin mako biyu zuwa uku, ta kwanta a kai kwana 21, ta ƙyanƙyashe, sannan ta shafe kusan wata biyu tana jan 'ya'ya, tana tono musu, tana rufe su da fikafikai da dare, tana fafatawa da shirwa da rana. Sai ta yaye su ta koma ƙwai. Zagaye uku irin wannan, ko huɗu in an yi dace, sun cinye shekara. Ke nan watannin da ba ta ƙwai ba zaman banza take ba, aikin injin ƙyanƙyasa da na ɗakin raino take yi, ba wuta, ba gawayi, ba kananzir. Abincinta kuma mafi yawa ita ke nema da ƙafarta: gara, tsutsa, fara, ɗanyen haki, hatsin da ya zube a gindin turmi. Matar da take da uwa uku da zakara ɗaya ta san abin da nake faɗa, domin daga nan ake fitar da kuɗin Laraba, da abin yanka wa baƙo, da gudunmawar suna.

Leyas, wato kajin ƙwai na gidan gona irin su ISA Brown da Lohmann Brown da baƙaƙen nan masu jan wuya, labarinsu daban ne. Sukan fara ƙwai a mako na 18 zuwa 20, kuma a shekararsu ta farko guda ɗaya tana iya kusantar 300. An kai ga haka ne ta hanyar zaɓe na shekaru masu yawa, kuma cikin abin da aka zaɓe aka zubar har da kwanci. Kazar da ke kwanci tana daina ƙwai, saboda haka kamfanonin da ke samar da irin suka yi ta ware masu kwanci har halin ya kusa ɓacewa. Don haka wanda ya sayi leyas yana fatan su hayayyafa masa a gida, ya sayi kazar da ba za ta zauna a kan ƙwanta ba. Ko ya sa wa wata ƙwan ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan ba sa fitowa daidai da uwa, domin ita kanta haɗi ce ta layuka daban-daban da kamfani ke riƙe da iyayensu. In suka tsufa, komawa ake yi a sake saye.

Ga kuma ciki. Kowace leya tana cin giram 110 zuwa 120 na haɗaɗɗen abinci a rana, wanda ke nufin buhu mai kilo 25 ba ya kai guda 10 fiye da mako 3. Ba kuma abincin da za a yi wa ha'inci ba ne. Ƙwai ɗaya yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya haɗu a cikinta, kusan awa 20 daga ciki ɓawo ake ginawa, kuma kowane ɓawo yana cin kusan giram 2 na sinadarin kalsiyam. In babu shi a abinci, daga ƙashinta take cirowa, har ta fara zubo ƙwai mai laushi ko ƙafafunta su kasa. Ranar da abinci ya yanke aka cike da dusa, ƙwai zai ragu cikin 'yan kwanaki, kuma dawowarsa ba ta sauri. Tana kuma son haske na awa 14 zuwa 16, alhali yininmu a Kano ko Katsina bai cika kai awa 13 ba ko a lokacin da ya fi tsawo, shi ya sa gidajen gona ke kunna ƙwan lantarki da asuba ko da magariba. Wanda yake da kuɗin buhu a hannu kowane wata, da ɗaki mai iska, da masu sayen ƙwai a unguwa, leyas za su biya shi. Wanda ba shi da tabbacin buhu na gaba, kada ya fara.

Buroila ba sai an daɗe a kanta ba. Mako 6 zuwa 8 ta wuce kilo 2, a sayar ko a yanka. Baƙuwa ce da ake ajiyewa don Sallah ko Kirsimeti ko biki, ba 'yar gida ba. Ba ta tono, ba ta gudu, zafi kuma yana kashe ta fiye da kowace kaza. In aka riƙe ta bayan lokacinta, abinci kawai take ci, nauyinta yana karya mata ƙafa.

Tsakanin waɗannan biyun ne aka sami waɗanda ake kira maja, masu nama da ƙwai a haɗe, kuma su ne suka fi jan hankalin masu kiwon gida a 'yan shekarun nan. Akwai Noiler, wadda kamfanin Amo Farm na garin Awe a jihar Oyo ya samar. Akwai FUNAAB Alpha ta Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta, aikin Farfesa Olufunmilayo Adebambo, wadda aka yi wa rajista a 2018. Akwai Kuroiler daga Indiya da Sasso daga Faransa. A nan gida kuma cibiyar NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta samar da ShikaBrown, kazar ƙwai da aka zaɓo don yanayinmu. Lokacin da wani babban shiri na inganta irin kaji a Afirka, wanda ya haɗa Nijeriya da Habasha da Tanzaniya, ya zo gwaji a gidajen manoma, waɗannan biyar ɗin ya ɗauka, ya haɗa da kazar Fulani, ya raba a jihohin Kebbi da Kwara da Nasarawa da Imo da Ribas. Masu nama da ƙwai sun fi ta Fulani nauyi nesa ba kusa ba. Amma akwai abin da masu talla ba sa cika faɗa: ba 'yan kwana ɗaya aka miƙa wa manoman ba, sai da aka raine su na makonni aka yi musu rigakafi.

Wannan shi ne darasin da ya shafi mai sayen maja. Suna yawo, suna tono, launinsu kala-kala ne kamar na gida, amma jikinsu babba ne, kuma abin da tsakar gida ɗaya ke samarwa na ƙwari da tsintuwa ba ya ƙaruwa don an kawo babbar kaza. Dole a ƙara musu abinci safe da yamma. Kwanci ma ba su cika yi ba. Tsakon kwana ɗaya kuwa, wanda galibi daga Ibadan da kewayenta ake lodo shi, yana jure doguwar tafiyar ne da ragowar gwaiduwar da ke cikinsa, wadda ke riƙe shi kwana biyu zuwa uku. Yana isowa a gajiye, yana bukatar ruwa kafin abinci da ɗumi na digiri 32 zuwa 35 a makon farko. Ga wanda bai taɓa raino ba, na fi son ya ƙara kuɗi ya sayi 'yan mako 4 zuwa 6 a hannun wanda ya san aikin, ya kuma tambayi rigakafin da aka yi musu ɗaya bayan ɗaya.

Birahama, mai gashi har ƙafa, da sauran kajin ƙawa suna da kasuwarsu da masoyansu, ba na kuma ganin laifin mai sha'awa. Sai dai a san cewa Birahama a Amurka aka daidaita irinta daga manyan kajin da aka kawo daga Sin, kazar sanyi ce, tana jinkirin girma, kuma bazararmu azaba ce gare ta.

Zafin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne alƙalin da ke yanke hukunci a ƙasar Hausa. Jikin kaza yana kan digiri 41 ne a kullum, ba ta kuma gumi. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24. In Afrilu ya kama, Sakkwato da Maiduguri da Damagaram suka haura 40, abin da ya rage mata shi ne ta buɗe baki tana haki, ta saki fikafikai, ta rage ci, ta nemi ƙasa mai sanyi ta lafe. Hakin nan yana fitar da iskar da jikinta ke bukata wajen gina ɓawo, shi ya sa ƙwan bazara ke yawan fashewa ko da abinci bai canza ba. Kaza mai nauyi da yawan gashi ita ke fara faɗuwa. A nan ne kazar da wasu ke ƙyama, mai tsiraicin wuya, take da fifiko: gashinta ya gaza na sauran da kashi 20 zuwa 40 cikin 100, zafi yana fita ta fatar wuyan, kuma halittar tana bin 'ya'ya ko da ɗaya ne daga cikin iyaye ke da ita. Mai murɗaɗɗen gashi ma haka. Waɗannan suna cikin kajinmu tun kaka da kakanni, abin takaici ne a ce ana fara yanka su don kawai ba su yi wa ido kyau ba. Ko wace iri ce dai, a bazara inuwa da ruwan randa sun fi kowane magani, abinci kuma a ba da shi da sanyin safiya da na yamma.

Kakan kaza tsuntsun daji ne na kudu maso gabashin Asiya, kuma yawancin abin da take yi a tsakar gida gadon dajin nan ne. Tono da ƙoto suna cin fiye da rabin yininta in an sake ta. Kazar da aka kulle a kan siminti, ta cinye abincinta cikin 'yan mintoci, sauran yinin ba ta da abin yi da bakinta sai gashin 'yar'uwarta. Daga figar gashi sai jini, jan abu kuma yana jan kaza, nan da nan sauran su taru a kan mai rauni har su farke ta. Mai kiwo yakan ce mugunta ce, ya nemi a yanke musu baki. Kafin a kai nan, a rage cunkoso, a shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko ɗiddigar katako a watsa ɗan tsaki a ciki, a rataya ganyen zogale ko na kabeji su yi ta ja, a kuma ware duk wadda ta ji ciwo nan take. Hawa sama da dare ma gado ne: tsaro take nema daga abin da ke yawo a ƙasa. Sanda guda da aka gicciya a akurki tana raba ta da kashinta, tana kuma hana ta kwana a kan katanga inda muzuru zai same ta. Birgimar da take yi a ƙasa wanka ne, da shi take rage maiƙon gashi da ƙwarƙwata. Kwano mai faɗi na yashi da tokar murhu a busasshen lungu ya ishe ta. Har goge bakin da Bahaushe ya ɗora mata laifin butulci a kansa, ya ce ci ki goge baki, tsafta ce da gyaran kaifin baki.

A cikin garke akwai manya da ƙanana, kowace ta san wadda za ta sara da wadda za ta kauce wa. Wani masani ɗan Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, shi ya fara rubuta wannan tsari a farkon shekarun 1920, amma duk yarinyar da aka aika ta watsa wa kaji hatsi ta gan shi. Amfanin saninsa a aikace yake. In mazubin abinci ɗaya ne, ta ƙasa ba ta ƙoshi, sai ta rame a zaci cuta ce. A yi mazubi biyu nesa da juna. In za a kawo sabuwa, kada a jefa ta ita kaɗai cikin tsofaffi, kuma kada a haɗa 'yan tsakin maja da manyan kajin Hausa sai sun yi ƙwari. Faɗan kwana biyu ko uku bayan haɗuwa ba abin damuwa ba ne muddin babu jini, matsayi ake rabawa.

Zakara ba ya sa kaza ƙwai. Tana yi ko babu shi, sai dai ƙwan ba ya ƙyanƙyasuwa. Ɗaya ya ishi mata 8 zuwa 10, fiye da haka kuma faɗa ne da figaggen baya. Amfaninsa bai tsaya ga barbara ba: shi ke ɗaga kai yana duban sama lokacin da matan ke ƙoto, kuma kukan da yake yi in ya hango shaho daban yake da wanda yake yi in kare ko maciji ne a ƙasa. Na farko yana sa kowa ya ruga ƙarƙashin rumbu, na biyu yana sa a miƙe wuya a nemi inda abin yake. Wanda ya saba da kajinsa yana rarrabe su daga cikin ɗaki.

Sai kwanci, wanda shi ne zuciyar kiwon gida. Kafin sagara ta fara ƙwai, zankonta yana yin ja ya cika, tana kyarkyara tana leƙa lunguna, in an kai hannu bayanta sai ta durƙusa. Ana iya tabbatarwa da yatsu: ƙasusuwa biyun da ke gefen mafitar ƙwai, in yatsa biyu ko uku suka shiga tsakaninsu tana ƙwai, in ɗaya ne ba ta yi. Wuri mai duhu da sirri take so, in ba a tanada mata ba za ta zaɓi bayan buhuna ko gidan maƙwabta. Tsohuwar tukunya ko kwando da ɗan yayi a lungu, a bar ƙwai ɗaya mai alama a ciki, ya wadatar. In ƙwai ya taru, jikinta yana sakin wani sinadari da ke tsayar da ƙwai ya kawo kwanci. Gashin ƙirjinta ya zube don fata ta taɓa ƙwan, ta riƙa juya shi da baki, ta kumbura ta yi gurnani in an matso, ba ta tashi sai sau ɗaya a yini ta ci ta sha ta yi kashi ta dawo. Ƙaramar kazar Hausa ba ta rufe fiye da 10 zuwa 12 da kyau, abin da ya ƙaru a gefe yake sanyi ya lalace, gara a cinye shi tun yana sabo.

Ita uwa ba ta tambayar ƙwan wa aka sa mata. Da haka mutanen karkara suka daɗe suna fitar da zabi, domin zabuwa ba ta iya raino ba: a sa wa kaza ƙwan zabi, ta yi kwana 26 zuwa 28 a kai. Na agwagwa yakan kai 35. Wannan hali shi ne ya sa nake ganin duk gidan da zai kawo maja ko ShikaBrown bai kamata ya rabu da uwayensa na Hausa ba. Biyu ko uku masu kyan raino su zama tushe, baƙin su kawo nama da ƙwai gwargwadon abin da aljihu zai iya ciyarwa. In kuma ƙwai ake so ba 'yan tsaki ba, a riƙa kwashewa kullum, wadda ta nace da kwanci a ɗaga ta a sa ta a wuri mai haske da iska, ba shimfiɗa, da abinci da ruwa, cikin 'yan kwanaki za ta saki. Tsoma ta a ruwa ko ɗaure mata ƙafa da hana ta abinci wahalarwa ce da ba ta da amfani.

Inda aka fi asara a kiwon gida ba wajen ƙwai ba ne, wajen 'yan tsaki ne. Uwa ta fito da 10, bayan wata biyu a ƙirga 3 ko 4, shirwa ta ɗauki wasu, wasu sun faɗa kwata, wasu raɓar safiya ta kashe. Kifa babban kwando ko ɗan keji a kan uwa da 'ya'yanta na makonnin farko, da tsaki da gara da ruwa a faifan da ba su nutsewa, yana ƙara yawan kajin gida fiye da sauya iri. Mutane da yawa suna neman sabuwar kaza alhali tsohuwar tana ba su abin da ba su tsare ba.

Sauran asarar ta annoba ce, kuma a nan babu irin da ya tsira. Cutar Niyukasal takan zo da hunturu ta share unguwa: kaza ta takure, ta saki fikafikai, kashi ya zama kore, numfashi ya yi wuya, wasu wuyansu ya murɗe. Ƙwayar bairos ce, saboda haka kafso da ake fasawa a ruwa ba ya taɓa ta, haka barkono da ɓawon maɗaci. Cewa kazar Hausa ba ta bukatar rigakafi kuskure ne da ya cinye dukiyar mata da yawa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin rigakafin, har da nau'in I-2 da ke jure zafi fiye da sauran, wanda ake ɗigawa a ido duk bayan wata 3 zuwa 4. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, don haka maƙwabta su haɗa kai a yi rana guda, kafin sanyi ya shigo ba bayan an fara mutuwa ba. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 ma, wadda aka fara tabbatar da ita a Afirka a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna a Fabrairun 2006, kafin watan ya ƙare aka tabbatar da ita a Magarya ta Jamhuriyar Nijar, ta nuna yadda ciwo ke bin hanyar kasuwa. Kazar da aka sayo a kasuwa, ko aka kawo kyauta, ta yi aƙalla mako 2 a ware kafin ta haɗu da na gida. Wanda ya san halin kajinsa shi ke fara gane mara lafiya, domin kaza tana ɓoye ciwo: wadda ta makara fitowa da safe, ko ta tsaya gefe lokacin da ake rububin hatsi, a ɗauke ta a ranar.

Akwai masu sayen ƙaton zakaran maja su sake shi cikin kajin Hausa don a sami manyan 'ya'ya. Zubin farko yakan yi kyau, 'ya'yan sun fi uwa girma kuma sun fi uba juriya. Amma in aka ci gaba da haka zubi bayan zubi, kwanci yana raguwa a cikin matan, cikinsu yana ƙaruwa, sai a wayi gari gida cike da kajin da ba sa raino kuma tono ba ya ƙosar da su. Wanda zai yi haɗin ya bar wasu uwayen tsantsa da zakaransu na gida, ya kuma riƙa musanya zakara da wani gida mai nisa duk shekara ko biyu, don kada uba ya yi ta hawan 'ya'yansa iri ya tsumbure.